Zazzaɓin Cizon Sauro da Ƙananan Yara a Ƙauyukan Filato: Amsoshin Tambayoyin Iyaye

Na daɗe ina aikin jinya a matakin farko, da fari a wani asibitin sha-ka-tafi a gangaren kudancin Filato, yanzu kuma a bayan garin Jos. Tambayoyin nan su ne nake ji kullum. Wasu daga bakin iyaye mata a kan bencin awo, wasu daga magidanta da ke tare ni a hanya, wasu kuma daga kakanni, waɗanda a gidaje da yawa su ke yanke hukunci idan jika ya kwanta. Abin da ya sa na zauna na rubuta su shi ne jinkiri. Cutar nan tana da gwaji, tana da magani, amma sau da yawa yaro yana iso mana a kwana na uku ko na huɗu, lokacin da jini ya riga ya ƙare masa.

Jos ai garin sanyi ne. Da gaske zazzaɓin cizon sauro abin tsoro ne a nan?

Sanyin yana taimaka mana, wannan gaskiya ne. Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma ƙwayar cutar ba ta iya kammala girma a cikin sauro idan zafin gari ya daɗe ƙasa da digiri 20. Shi ya sa ake samun sauƙi a tsakiyar hunturu.

Sai dai hunturu wata nawa ne? Daminarmu tana farawa wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Ga tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama kududdufai a Bukur da Barikin Ladi da kewaye. Ga lambunan rani na tumatir da kabeji da dankalin Turawa, inda ruwa ke kwanciya a kwarin kunya har cikin bazara. Da zarar kuma an gangara Shandam, Langtang, Wase ko Kanam, maganar sanyi ta ƙare, zafi ne irin na ko'ina a Arewa.

Akwai abin da nake jan hankalin mazauna cikin gari a kansa. Yaron da ya tashi a Jos, idan aka kai shi ƙauye hutu ko biki, jikinsa bai saba da yawan cizon da yaran can suka saba da shi ba. Cutar kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta bayyana, don haka sai an dawo gida zazzaɓin ke tasowa. Ki gaya wa malamin asibiti cewa kun yi tafiya.

Mu ma manya sauro yana cizon mu. Me ya sa yara ƙanana ne ke mutuwa?

Macen sauro nau'in Anofilis ce ke ɗauke da cutar, kuma da dare take cizo. Idan ta ciji mutum, ƙwayar takan fara sauka a hanta ta hayayyafa a ɓoye, sannan ta fantsama cikin jini ta shiga jajayen ƙwayoyinsa tana fasa su. Nau'in ƙwayar cutar da ya fi yawa a Najeriya, falsiparum, shi ne mafi muni a cikin dangin.

Babban mutum da ya girma a nan ya sha fama da ita tun yana yaro, jikinsa ya koyi yadda zai rage mata ƙarfi. Jariri yana zuwa duniya da 'yar garkuwar da ya samo daga mahaifiyarsa, amma takan dusashe wajen wata 6, tasa kuwa ba ta ginu ba tukuna. Tsakanin nan da shekara 5 shi ne lokacin haɗari. Ga shi jinin yaro kaɗan ne. Abin da babba zai rasa ya ci gaba da noma, yaro in ya rasa shi sai tafin hannunsa ya yi fari fat. Ƙwayoyin jinin da suka kamu kuma suna iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga nan sai jijjiga da suma.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mutum miliyan 263 suka kamu a duniya, 597,000 suka rasu. Kusan duka mace-macen a Afirka aka yi, kuma kimanin uku cikin huɗu na waɗanda suka rasu a nahiyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya.

Me ya sa ƙauye ya fi birni?

Anofilis ba ta cika son ƙazamin ruwan kwata ba. Ta fi son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu a bakin rafi, ramin da aka haƙi ƙasar bulo, fadamar shinkafa, tayar mota da ta bar gurbi a hanya. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro. Irin wannan ruwa a ƙauye yake. Ƙara da ɗakunan da ke da rata tsakanin bango da jinka, da tagogi marasa raga, da nisan asibiti, da hanyar da damina ke yankewa.

An samu ci gaba. Binciken ƙasa da aka yi a 2010 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 42 cikin 100 na ƙananan yara, na 2021 kuma ya sami kashi 22. Amma a wannan binciken na baya, yaran karkara sun ninka na birni.

Shan mangwaro, sabuwar masara ko zama a rana suna kawo shi?

A'a. Lokacinsu ne ya zo daidai da lokacin sauro. Bar yaro ya sha mangwaronsa, a dai wanke.

Kakarsa ta ce haƙori ne yake fitarwa, a bar shi. Yaya zan yi?

Inna ta goyi 'ya'ya da yawa, kuma ba ƙarya ta yi ba da ta ce yaro mai fitar da haƙori yakan yi rigima da dalalar da yawu, jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Amma haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi rau, ba ya sa amai, ba ya hana yaro kama nono. Matsalar ita ce haƙora suna fara fitowa wajen wata 6, daidai lokacin da garkuwar uwa ke barin jikinsa. Abu biyu sun haɗu a wata ɗaya, sai a ɗora wa haƙori laifin sauro.

Ba na son a yi jayayya da tsofaffi a kan wannan. Abin da nakan ce shi ne, “Inna, mu je a ɗan tsaga yatsansa a duba. In babu komai, maganarki ta tabbata, mu dawo gida da kwanciyar hankali.” Da wuya kaka ta ƙi wannan.

Jikinsa ya yi zafi. Me zan fara yi?

Rage masa kaya, ki goga masa tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ki sa ruwan randa mai sanyi. Ci gaba da ba shi nono ko ruwa ko kunu kaɗan-kaɗan. Za ki iya ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, amma ban da asfirin. Sannan a kai shi gwaji a ranar, kada ya kwana ya wuni.

Farasitamol yana da yaudara. Zai sauke zafin, yaro ya tashi ya yi wasa, uwa ta ce Alhamdulillahi. Ƙwayar cutar kuwa tana nan tana ninkuwa a jini. Jaririn da bai kai wata 2 ba, kowane irin zazzaɓi ne, asibiti kai tsaye.

Dole sai an yi gwaji? Ai mai kemis yana ganin yaro ya san maleriya ce.

Babu mai ganewa da ido, ko likitan da ya shekara talatin yana aiki. Ciwon haƙarƙari, ƙyanda, sanƙarau, ciwon kunne, cutar mafitsara, duk da zazzaɓi suke farawa. Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito, kuma ana yin sa a asibitocin sha-ka-tafi.

Idan gwaji ya nuna babu, kada ki ji haushi kamar an hana ki magani. Ma'anarsa a nemi wata cutar. Yaron da ke numfashi da sauri saboda ciwon haƙarƙari, in aka yi ta ɗirka masa maganin maleriya kwana uku, an ɓata masa kwana ukun da yake buƙata.

Sai kuma wannan magana ta “maleriya da taifod” da ta zama kamar tagwaye a bakin mutane. Taifod tana nan, amma gwajin da aka fi yi mata a ƙananan ɗakunan gwaji yakan nuna akwai alhali babu. Yara da yawa suna shan magungunan da ba sa buƙata, iyaye kuma suna biyan kuɗin da ba su da shi.

Waɗanne alamu ne ke nuna abin ya yi tsanani?

Idan yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa. Idan duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo. Idan ya yi jijjiga ko sau ɗaya ne. Idan ya yi laushi, ya kasa zama, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar. Idan numfashinsa yana fita da sauri ko da wahala. Idan tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi.

Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Wannan ya wuce kemis, ya wuce ƙwayar sha. Allurar atesunet ake yi masa a asibiti, ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24, kuma mai yiwuwa ya buƙaci ƙarin jini. Wasu ƙananan asibitoci suna da irin wanda ake yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 matsi da shi ta dubura, domin ya riƙe shi a hanya. Riƙo ne kawai, dole a ƙarasa babban asibiti. Ga mu a Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jiha, da Jankwano, a ƙananan hukumomi kuma akwai manyan asibitocin gwamnati.

Yana ta jijjiga, idonsa ya kafe. Maƙwabta sun ce iska ce ta taɓa shi.

Na san tashin hankalin da uwa ke shiga a wannan lokaci, na gan shi ba sau ɗaya ba. Gida ya cika, kowa da abin da yake faɗa. Ga abin da za a yi: a kwantar da shi ta gefe ɗaya don kada ya shaƙe, a sassauta masa kaya, a matsa a ba shi iska, wani ya ruga neman abin hawa.

Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa manja, ko jiƙo, ko rubutu, ko kananzir yana cikin wannan hali, domin huhu zai wuce. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki. Na yi jinyar yaran da zazzaɓin ya warke, ƙunar ƙafar ta bi su wata da watanni.

Addu'a kuwa, a yi ta. Malam ya yi tofi, uwa ta yi ta karanta abin da ta sani, amma a kan babur ko cikin mota, ana tafiya. Ban taɓa ganin asibitin da ya hana uwa yi wa ɗanta addu'a a bakin gado ba.

An ba mu magani, ya sha kwana ɗaya ya warware. Zan iya ajiye sauran don gaba?

Kada ki ajiye. Maganin da aka fi bayarwa, haɗin atimita da lumefantirin wanda mutane suka fi sani da Coartem, sau 6 ake shan sa cikin kwana 3. Na farko nan take, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na kwana biyu. Shan farko yana kashe mafi yawan ƙwayoyin, shi ya sa yaro ke miƙewa. Ragowar ne ke share waɗanda suka saura. In aka tsaya a tsakiya, bayan mako biyu ko uku zazzaɓin ya dawo, a ce magani ba shi da kyau.

A ba shi da nono, ko madara, ko abinci mai ɗan maiƙo kamar kunun gyaɗa, domin da maiƙo jiki ke tsotse shi. Idan ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi, a koma asibiti a karɓi cikon. Da nauyin yaro ake auna yawan ƙwayar, kuma ƙarfin ƙwayoyin ya bambanta daga kwali zuwa kwali, saboda haka kada a ɓantari na babansa a ba shi.

Masu neman kulorokwin su sani Najeriya ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko tun 2005, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Masu cewa sai allura ce magani, su ma su sani yaron da ke iya haɗiya ƙwaya ta ishe shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar ta waya don tabbatarwa. Maganin da ake tallarsa a faranti cikin rana ranar kasuwa, a bar shi inda yake.

Darbejiya, ganyen gwanda, tazargade da sirace fa? Da su aka raine mu.

Ni ma an yi mini sirace. Kuma gaskiya ne maganin asibitin na yau daga wani ganye ɗan ƙasar Sin aka samo shi, dangin tazargade. Bambancin shi ne an tace shi an auna. Jiƙon gida babu wanda ya san ƙarfin kofi ɗaya, kuma hanta da ƙodar yaro ba su kai na babba ba. Babbar ɓarnar jiƙo dai ita ce kwanakin da ake ci ana jiran a ga ko zai yi aiki.

Gidan sauro yana da zafi, yana sa ƙaiƙayi. Ba za mu iya amfani da maganin feshi ba?

Sabon gidan sauro mai magani, a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a kwana a ciki, ƙaiƙayin zai ragu ƙwarai. A wanke shi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe maganin. Yakan kai kimanin shekara 3. In ya yage a ɗinke. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe, kuma yaron da ya yi barci tun bayan Magariba a sa shi ciki a lokacin, kada a bar shi a tsakar gida sai manya sun gama hira. Masu kwana a waje lokacin bazara su ɗaura shi a wajen.

Mu 'yan Filato muna da shaida a kan amfaninsa. Sauron da ke kawo zazzaɓi shi ne ke yaɗa tundurmi a karkararmu. Da rabon magani shekara-shekara da rabon gidajen sauro, wanda ma'aikatar lafiya ta yi tare da Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka mai ofis a nan Jos, a 2017 aka sanar da cewa Filato da Nasarawa sun shawo kan tundurmi.

Zuciyata tana ɓaci idan na ga gidan sauro an kewaye yaɗin tumatir da shi ko an rufe kaji, alhali jariri yana kwance a fili. Na san tumatir ɗin ne abincin gidan. Amma kuɗin ƙarin jini leda ɗaya ya fi abin da ragar ta tsare.

Maganin hayaƙi yana korar sauro na 'yan awanni, ya mutu cikin dare lokacin da cizon ya fi yawa. Fiya-fiya kuwa guba ce ta gona, ba ta da wuri a ɗakin da yaro ke kwana.

Masu bi gida-gida da damina suna ba yara magani alhali lafiyarsu ƙalau. Na mene ne?

Kariya ce ta lokacin damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, kuma ana yin sa a jihohin Arewa da dama har da Filato. Sau ɗaya ake zuwa a wata, wata huɗu ko biyar a jere. Ranar farko ana ba yaro ƙwaya biyu a gaban ma'aikaci, a bar wa uwa guda biyu ta ba shi a rana ta biyu da ta uku. Nan ne ake yawan yin sakaci, a manta da su a kan taga. Kariyar wata ɗaya ce kawai, don haka kowane zagaye yana da muhimmanci. Ki adana katin.

Ba a ba yaron da ke cikin zazzaɓi, shi gwaji za a tura shi. Haka wanda yake shan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Septrin, ko wanda irin wannan magani ya taɓa fesa masa ƙuraje. Ki faɗa musu. Jita-jitar cewa yana hana haihuwa ba ta da tushe, ɗaya daga cikin magungunan ma shi ne ake ba masu ciki a wurin awo.

Mun ji an samu allurar riga-kafi.

An samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ta farko a 2021, ta biyu mai suna R21 a 2023. Ita R21 ce Najeriya ta fara yi wa yara a Disamban 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa, da tsarin faɗaɗawa zuwa sauran jihohi daki-daki. Sau 4 ake yi: a wata 5, 6, 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Ki tambaya a wurin riga-kafin yaranku. Tana rage kamuwa da tsananin cutar, amma ba ta maye gurbin gidan sauro, kuma yaron da aka yi wa ita in ya yi zazzaɓi sai an gwada shi.

Mai ciki da mai sikila fa?

Kariyar yaro tun yana ciki take farawa. Cutar tana taruwa a mabiyiya, ta sa a haifi jariri ƙarami ko bakwaini. Daga wata na huɗu ana ba mai ciki maganin kariya mai suna Fansidar a wurin awo, wata-wata, aƙalla sau 3. Yaro mai sikila kuwa dama jininsa a ƙasa yake, zazzaɓi kaɗan yana iya kayar da shi. Shi ba a jira ko na awa ɗaya.

Dare ne, maigida ya yi tafiya, babu kuɗi a hannu. Yaya uwa za ta yi?

Wannan tambayar ga magidanta nake amsa ta. Wata damina, da asuba, wata baiwar Allah ta shigo mana da yarinya 'yar shekara biyu a goye, jikinta kamar tsumma. Na ce, “Maman yarinya, tun yaushe?” Ta ce, “Malama, yau kwana uku. Babanta yana wurin haƙar ma'adini, wayarsa ba ta shiga, ni kuma ban isa in fita ba da izininsa ba.” Sai da surukarta ta ga idon yarinyar ya juye sannan ta ce su tafi. Muka yi mata abin da za mu iya, muka tura su babban asibiti. Ta rayu bayan ƙarin jini, amma da ƙyar. Mijin da ya dawo kuka ya yi, ya ce da ya sani da ya bar sallahu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida, tun yau ka faɗa wa iyalinka, a gaban mahaifiyarka, cewa duk ranar da jikin yaro ya yi zafi ka yarda a kai shi asibiti ko kana nan ko ba ka nan. Ka ware ɗan kuɗi da kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona, a ajiye shi da sunan jinya. A sami lambar masu babur biyu da za su amsa waya cikin dare. A san wane asibiti ne mafi kusa da ke kwana a buɗe, da wanda ke da ƙarin jini, da hanyar da za a bi idan rafi ya kawo. 'Yan'uwa maza kuma su san rukunin jininsu, domin idan aka ce a kawo jini ƙarfe biyun dare, a cikinsu za a fara nema. Katin riga-kafin yaro da na maganin damina a haɗa su a leda ɗaya da tocila, a rataye a bayan ƙofa.